Ruwan da Nagoggo Ya Saki

Tumatirin Nagoggo ya fara yaushi ana saura ƙiris ya nuna. Da safe garau, rana na ɗagawa sai ganye ya langaɓe, alhali kore shar. To me manomin rani ya sani in shuka ta yi yaushi? Ƙishirwa mana! Sai ya tayar da inji ya dinga ɗura wa fangali ruwa har ƙafa na nutsewa.

A fadamarsu ta wajen Mai'adua, na sama ke fasa bakin fangali ya sakar wa na ƙasa ragowar ruwa. Na ƙasan Nagoggo kuwa Maijidda ce, matar ƙanensa marigayi. Ba ta da inji, ba ta da komai sai ɗan lambun da take ciyar da marayunta da shi. Wallahi har daɗi yake ji in ya ga ruwansa na gangarawa wurinta.

Da abin ya ci tura, ya ɗauko Muktar malamin gona a babur. Muktar ya yanke kara guda ya tsoma a kofin gilashi. Can sai ga wani farin yauƙi yana tsiyaya cikin ruwan, zare-zare.

"Baba, wannan ba ƙishirwa ba ce," in ji Muktar. "Ƙwayar cuta ce. In tana 'yar kaɗan lafewa take yi, shuka lafiya lau a ido. Sai sun yi yawa, sun ji juna, sannan su saki yauƙin nan gaba ɗaya, ya toshe jijiyar da ruwa ke hawa. Ba ta da magani, kuma ƙasar ma ta kamu, sai ta shekara da shekaru."

"Daga ina take shiga?"

"Ta saiwa. Ruwa ke kai ta, duk inda ya bi."

Nan take Nagoggo ya tuna inda ruwansa ke gangarawa. Ya manta da nasa lambun, ya gangara ƙasa da sauri. Tumatirin Maijidda tsaye yake cak, ya yi fure gwanin sha'awa. Tana tsugune tana cire ciyawa, ta ɗago da fara'arta.

"Sannu da aiki, Yaya. Ka ga albarkar ruwanka, bana ba mu ba yunwa. Yau ba a sako mana ba ne?"

Ya waiwaya ya kalli fangalinsa, cike taf da ruwa. Ita kuwa sai ta miƙe, ta ɗauki fartanya ta nufi bakin fangalin.

"Bari in fasa da kaina, na ga ka gaji."