Kaka Ta Ƙaryata Muryarta

Ma'aikaciyar laburaren unguwarmu ce ta roƙe ni in kai mata kakata. Suna naɗar muryoyin tsofaffi ne su zuba a kwamfuta, domin kowa ya saurara a wayarsa. Kaka kuwa gwana ce wajen rini da ɓawon itace da ganyaye.

Aka zaunar da ita tsakanin kantocin littattafai, aka maƙala mata makirufo a gefen mayafi, ta yi bayani tiryan-tiryan.

Da aka gama tace aikin muka koma, ma'aikaciyar ta kunna mana. Kaka ta kasa kunne tana yamutsa fuska.

"Kashe, 'yar nan," in ji ta. "Wace ce wannan mai murya kamar agwagwa? Ai ba da ruwan zafi ake jiƙa ɓawon ba. Ƙarya take yi."

Na ce, "Kaka, ke ce fa."

"Ni? Allah ya kiyaye! Miƙo abin maganar in gyara mata."

Ma'aikaciyar ta danne dariya ta sake naɗa. Kaka ta ce ruwan sanyi ne, ta kuma ja wa "matar can" kunne.

Ma'aikaciyar ta rasa wanne za ta goge, sai ta gwada duka biyun a gida. Ruwan zafi ya ba da ja jawur, na sanyi ya ba da ja mai haske. Ta saka duka a shafin laburaren.

Da na kai wa Kaka labari, sai ta ce, "To, ashe ta ɗan iya. A ce mata ta zo mu gaisa."