Hannun Hagun Kedibone

Ni mai walda ne a Mahikeng, a Afirka ta Kudu, amma duk Asabar ɗin da ake gasar jera kofuna ni ne alƙalin teburin manya. Mutane ba sa murnar ganina a teburin nan, ni ma ban damu ba. 'Yar cikina ma na taɓa soke mata wasa don ta tsayar da agogo da kofi a hannu.

Ran nan zauren unguwa ya cika har yara sun hau tagogi. Gasar lardi ce, amma rabin jama'ar don Mma-Tiro, wato uwar Tiro, da matar ɗanta Kedibone suka zo. Mma-Tiro fanke take soyawa a ƙofar firamare. A nan ta ga yara suna ta ƙwas-ƙwas da kofunan roba, ta ce a ba ta ta gwada. Bahaguwa ce, ta sha duka a kan haka tana ƙarama, sai ga shi da furfurarta hagun ya yi mata rana. Domin a wasan mutum biyu, na dama hannun dama kaɗai zai sa, na hagu hannun hagu kaɗai, su gina dalar kofuna su rushe ta kamar mutum ɗaya. Hannayen da ke tsakaninsu ba su da aiki. Ɗaya ya taɓa kofi, wasa ya ɓaci. Gwaji uku ake ba kowa.

In suka goge tarihin lardi, su ne za su tafi gasar ƙasa a Pretoria. Tsohuwar ta riga ta gaya wa duk matan cocinsu, har ta ɗinka siket na tafiya. Ta kuma san bana ce shekararta ta ƙarshe, don gaɓoɓin yatsunta sun fara kumbura.

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowacce ta ɗora tafinta a kan agogo. Malebogo, yarinyar da ke riƙe mana kyamara, ta ɗaga mini yatsa. Na ce su fara in sun shirya.

Wallahi ban taɓa ganin irinsa a teburina ba. Kofunan nan ba a ganinsu, sai dai ka ji su, kamar ruwa a kan kwano. Dala ta tashi, ta kwanta, ta sake tashi, suka buga agogo tare. Lambar da ta fito ta wuce tsohon tarihi nesa ba kusa ba. Zauren ya kece da guɗa. Tiro, ɗan tsohuwar kuma mijin Kedibone, ya haye kujera yana kaɗa makullin tasinsa, yana cewa kowa kyauta zai kai shi gida yau.

Ni ban tafa ba. Na ga wani abu ya gilma a tsakiyar tebur, wurin da Kedibone ke miƙa wa tsohuwar kofuna don gina babbar dala. Na ce Malebogo ta maido mini hoton baya, ta rage masa gudu. Ga shi nan ƙuru-ƙuru. Kedibone ta miƙa da dama, sai hannun hagu ya biyo ya tallabi wuyan hannun daman, yadda kowace 'ya mai tarbiyya take miƙa wa babba abu a garinmu. A nan ɗan yatsanta ya gogi kofi.

Na ɗaga hannu na ce an soke.

Kai, na sha zagi. Wata mata daga baya ta ce hayaƙin walda ne ya cinye mini ido. Tiro ya diro daga kujera ya zo har gabana.

“Rre Sebego, ladabi ne fa. Ladabi za ka soke? Uwata ta miƙa wa abu, so kake ta jefa mata kamar kare?”

“Ni ladabi ban soke ba, yatsa na soke. Zo ka gani da idonka, direba.”

Ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce kyamarar nan ta tsufa. Na ce ko na rufe ido na wuce da shi, hoton nan Pretoria za a aika, can kuma ba wanda ya taɓa cin fanken uwarsa. Su soke mana shi, mu ji kunya gaba ɗaya. Ya koma yana gunaguni.

Kedibone kuwa idonta ya cika. Ta ce ba ta ma san ta yi ba. A gida da suke atisaye ba mai kallon wannan hannun, kuma tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa miƙa wa surukarta ko cokali da hannu ɗaya ba.

Gwaji na biyu ta cusa hannun a aljihun siket. Suka tashi da gudu kamar ɗazu, ana zuwa wurin miƙawa sai na ga kafaɗarta ta yi tsalle. Hannun yana son fitowa, ita tana danne shi. Hankalinta ya rabu, kofi ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur. Kafin ta ɗauko su gyara, lokaci ya tafi. Saura ɗaya.

Mma-Tiro ta murza yatsunta, ta dube ni sama da ƙasa.

“Kai mai taurin kai, dokar taka ta hana in riƙe 'yata?”

Na ce doka ba ta ce komai a kan wannan ba. Kofi kawai ta ce kada hannun tsakiya ya taɓa.

Sai ta sa hannun damanta ta damƙo hagun Kedibone, ta kai su bayansu, ta sarƙe yatsunsu. Kedibone ta sunkuyar da kai tana ƙoƙarin zamewa, kunya kamar ta nutse.

“Mme, mutane suna kallo.”

“Su kalla. Ladabinki yana hannuna, na riƙe miki. In mun gama zan mayar miki da abinki. Yanzu jefo mini kofunan nan kamar ni ce Tiro.”

Dariya ta ɓarke har da Kedibone, tana share ido da kafaɗa. Suka ɗora tafi a kan agogo.

Na durƙusa daidai bakin tebur don kada komai ya wuce ni. Suka tashi. Dalar farko, ta biyu, ga wurin miƙawa ya zo. Na ga kafaɗar ta sake motsi, na ga jijiyar wuyan tsohuwar ta miƙe tana riƙewa. Kofuna suka wuce daga dama zuwa hagu tsaf. Babbar dala ta tsaya, ta ɗan yi rawa, ta tsaya. Suka rushe ta, suka buga agogo.

Bai kai na farko sauri ba. Amma ya wuce tsohon tarihi, da ƙyar, kamar kaurin farce.

Ba wanda ya yi guɗa. Duk ni suke kallo. Na sa Malebogo ta nuna mini daga farko har ƙarshe, a hankali, na duba tafinsu a kan agogo, na duba kowace dala, na duba bayansu inda hannaye biyu ke sarƙe. Tiro yana ta hura mini iska a wuya. Na sa ta sake.

Na miƙe na ce wasan ya karɓu.

Rufin kwanon zauren nan saura kaɗan ya tashi. Matan coci suka yi kan teburin da rawa, Tiro ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, yana cewa dama ya san ni mutumin kirki ne. Na ce ya sauke ni kafin in soke shi shi ma. Mma-Tiro kuwa har lokacin ba ta saki hannun ba, jan Kedibone take cikin rawar.

Da aka zo ba da lambar yabo, ni na miƙa. Kedibone ta ɗan rusuna ta karɓa da dama, hagun ya zo ya tallaba, sai ta yi turus tana dubana.

Na ce, “Nan kam yi abinki, 'yata.”

Mma-Tiro ta karɓi tata da hagu, ta ce in na zo ƙofar firamare ran Litinin, fanken da ya ƙone za ta zaɓar mini.