Tsakanin Injin Matsi Da Tanderu

Rosendo ya dire tiren a kan teburin Injiniya Maribel da ƙarfi, har farantan tangaran ɗin suka yi ƙara. Duk sun ɗaye falle-falle, siraran layukan azurfar da lantarki zai bi sun tsinke.

"Ga aikin tsohuwar matata nan," in ji shi. "Ba ta matse su sun kama juna ba. Ni gasawa kawai nake yi."

Eulalia ta cire safar hannunta a hankali. Tun kafin aurensu ya mutu take kan injin da ke haɗa fallayen ɗanyen yumɓu da zafi da danni, a wannan masana'anta ta garin El Salto. Shi kuma yana kan tanderu.

"Lafiya lau suka bar hannuna," ta ce. "Kai ne ka ƙara wuta don ka samu ka fita cin farfesun birria. Komai naka gaggawa, ban da zuwa ganin 'yarka."

"Kada ki sa Itzel a maganar nan."

"Au, ashe ka tuna sunanta."

"Bakin nan naki ne ya kore ni daga gida."

"Ƙafafunka ne suka kai ka gidan waccan mai gyaran gashin."

Maribel ba ta ko kalli tiren ba. Ta bari sai da suka gaji, sannan ta ce cikin girmamawa, "Doña Eulalia, Don Rosendo, ba don farantan nan na kira ku ba. Kamfani ya koma sabuwar hanya. Da wani siririn gam za a riƙa manna fallayen, ba zafi, ba danni. A reshen Monterrey za a yi, gasawar ma can. Ƙarshen wata za a rufe sashenku."

Eulalia ta dubi hannuwanta. Kuɗin makarantar Itzel ne ya fara faɗo mata a rai.

Da yamma motar ma'aikata ta cika, saura kujera ɗaya, kusa da Rosendo. Ya janye jakarsa daga kai ba tare da ya ɗago ba.

Eulalia ta wuce shi ta kama ƙarfe ta tsaya. Sai da suka kusa garin Tlaquepaque ta sunkuyo.

"Kai za ka gaya wa Itzel aikinmu ya ƙare," ta ce. "Yau. Ina tsaye a wurin."