Nonon da Likita Ya Hana

Hanan tana da wata huɗu lokacin da uwarta Amna ta fara ganin ɗigon jini a kashin jaririyar. Ga ƙuraje a kumatu, ga kukan da ba ya jin lallashi. Ranar da suka je asibiti, kukan ne ya kori Amna daga ɗakin likita. Ta fita baranda tana jijjiga yarinyar, ta bar mijinta Laminu ya saurari bayani.

Laminu mai sayar da atamfa ne, irin mazan nan da suka gwammace su kwana a daji da su tambayi hanya. Likitan kuma baƙo ne, Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba. Ya zuba Turanci, ya ga bai shiga ba, sai ya taƙaita: "Nono. A daina. Shi ne matsala." Laminu ya gyaɗa kai kamar ya gane.

A cikin Keke, kan hanyarsu ta komawa Nassarawo, ya isar da saƙo.

"Ya ce nono ne bai karɓe ta ba. A daina."

"Wane nonon, Baban Hanan?"

"Jaririya tana da wani nono ne ban da naki?"

Amna ta so ta sake tambaya, amma kunya ta danne ta, don ta ji kamar an ce jikinta ne ke cutar da 'yarta.

Laminu ba ya rabin aiki. Ya sallami matar da ke zuwa daga Mayo Bani tana kawo musu kindirmo kowace safiya, ya ce kada ya ƙara ganin ko man shanu a gidansa. Amna ta daina damun furar da take sha sau biyu a rana tun haihuwa. Sannan ta yaye Hanan. Kwana huɗu ƙirjinta yana cike yana zogi, rigarta a jiƙe, yarinya na kuka tana lalubenta. Ita ma kukan take yi, tana juya baya.

Ciki dai ba ya zama haka. Laminu ya shigo da gwangwanin madarar jarirai.

"Wannan fa ba ta shanu ba ce?" in ji Amna.

"Nono ya ce. Bai ce madara ba."

An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. Amai ya biyo bayan kowace kwalba, gudawa ta ƙi tsayawa. Laminu ya ce baƙunta ce, za ta saba. Suka canza gwangwani sau biyu. Cikin mako biyar Hanan ta koma fata da ƙashi, kukan ma ya zama ɗan nishi.

Wata nas mai suna Margret, wadda Hausarta ba ta bambanta mace da namiji, ita ce ta karɓe su da suka koma asibiti. Ta duba katin, ta dubi kwalbar da ke hannun Amna.

"Madam, wa ya ce ki yaye shi?"

"Likita ne ya hana nono."

"Nono na shanu ya rubuta. Ke ne za ki daina sha, don yana bi ta jikinki ya shiga nasa. Wannan na gwangwani ma shanu ne." Ta sassauta murya. "Naki shi ne maganinsa. Sa shi yanzu."

Amna ba ta ko kalli Laminu ba. Haushinsa take ji, amma haushin kanta ya fi, tunda ta yi tambayar daidai, ta bari aka rufe mata baki.

Ta zauna a bakin gado, ta ɗaga hijabi, ta matsa nononta. Babu komai. Ta sake matsawa har sai da ta ji zafi, wani ɗan ɗigo ya fito, bai kai hawaye ba.

"Yana iya dawowa in ya ja sosai," in ji Margret, tana neman jijiyar da za ta sa wa yarinyar ruwa.

Amna ta kara yarinyar a ƙirjinta. Hanan ta buɗe baki, ta kama. Amna ta jira ta ji an ja, ta yi ta jira.