Cokali Biyar na Direba

"Uku... huɗu," Direba ke ƙirgawa daga kan kujerarsa, ya karkata kunne wajen kofin. Idonsa ya daɗe da dushewa, amma kunne kam ko allura ce ta faɗi sai ya ji. Dokarsa ce, duk cokalin sukarin da matarsa ta zuba sai ta ƙwanƙwasa bakin kofi. "Biyar. Yawwa, yanzu aka yi shayi."

Kafinta, maƙwabcinsa na shekara ashirin da biyu, yana zaune a bakin ƙofa. Ba kofin yake kallo ba, cokalin yake kallo. Shi ya sassaƙa shi jiya da yamma, kuma shi ne na huɗu.

Direba mutum ne mai jiki, jikin ma ba na wasa ba. Kujerar da yake kai Kafinta ne ya ƙera masa da ƙafa shida, bayan masu ƙafa huɗu guda biyu sun gaza. Shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota da lemon kwalba da biskit a gefen sitiyari, har harshensa ya dakushe. Shayin da zai sa wani ya yamutsa fuska don zaƙi, shi sai ya kurɓa ya ce salam ne. Ciwon sukari ya ci masa ido, ga shi ya fara laluben ƙafa. Likita ta ce idan ana rage sukarin a hankali harshe yakan farfaɗo, amma wa ya isa ya rage? 'Yarsa ta taɓa zuba uku ta ƙwanƙwasa biyar. Kurɓa ɗaya ya gane, kuma tun daga ranar ko gaisuwarta ba ya amsawa.

"Duk wanda ya cuce ni don ba na gani," in ji shi, "ni da shi har abada."

Da matar ta zo shagon Kafinta tana share hawaye da bakin mayafi, sai dabara ta faɗo masa. Ya sassaƙa cokalin katako ya kai a matsayin kyauta. Bayan sati biyu ya musanya shi da wani mai irin mariƙinsa sak, sai dai zurfin ya ragu da kaurin farce, matar kuma ta ɓoye tsohon. Haka ya riƙa yi, yana tsoron ranar da asiri zai tonu, don ba shi da abokin hira a duniya kamar wannan mai taurin kan.

Direba ya kurɓa, ya juyo da fuska wajen ƙofa. Kafinta ya kafe cokalin da ido.

"Sarkin ƙusa, ka yi tsit. Ko ka buge yatsa ne yau ma?"

"A'a Yaya, iska nake sha."

"To sha, ita ce kaɗai likita ba ta hana ba."

An kai cokali na shida lokacin da ciwon ƙafar ya ƙi warkewa. Aka kwantar da shi asibiti kwana tara, aka sallamo shi ya rame, fatar hannunsa na reto. Kowa ya ga yadda matar ke sunkuyar da kai ya san abin da aka faɗa mata.

Ranar Talata da hantsi Kafinta ya leƙa, ya tarar tana ɓare masa lemo. Direba ya sa ɓari ɗaya a baki, ya tsaya da tauna.

"Maman yara, kin barbaɗa masa sukari ne?"

"Wallahi ko ƙwaya."

Ya daɗe yana juya shi a baki. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne. "Ashe haka lemo yake? Rabona da jin wannan tun kafin in karɓi lasin." Sai ya miƙa hannu. "Ba ni cokalin nan."

Ta dubi Kafinta, Kafinta ya dubi ƙasa. Ta ɗauko ta sa masa a tafin hannu. Ya shafa cikinsa da babban yatsa.

"Sarkin ƙusa, wannan idan aka ƙara wata ɗaya ai tsinken sakace zai koma."

Kafinta ya matso kusa. "Yaya, ka yi haƙuri. Ni ne na..."

"Tun na biyu na gane. Hannun da ke jin taya ta yi sanyi tun daga sitiyari, shi za ka ruɗa da katako?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Biyar na ce, biyar ake zubawa. Ban ce ga girman cokali ba. Na bar ka ne in ga iyakar wayonka."

Kafinta ya so ya yi dariya, sai kuka ya riga ta fitowa, kukan farin ciki da baƙin ciki a haɗe.

"Kai, rufe min baki, ƙato da kai. Maman yara, kira min yarinyar nan a waya. Ki ce ta zo, ta taho min da lemo."

'Yar ta iso washegari da lemo cike da leda, ta wuni a gefen gadonsa tana ɓare masa. Ranar Alhamis da safe ya cika.

Bayan sati guda matar ta shigo shago da ƙulli a hannu, ta ajiye a kan teburin aiki, ta fita. Cokula shida ne. Kafinta ya jera su daga babba zuwa ƙarami, kusa da na bakwai da bai gama sassaƙawa ba. Ya haɗa shayi, ya ɗauki ƙaramin, ya zuba, yana ƙwanƙwasa bakin kofin a hankali har sau biyar.