Shagon Kayan Ɗaki

Adila ce riƙe da waya a tsakar gidansu a Haɗeja lokacin da yayarta Najwa ta yi kiran bidiyo daga Fotugal, inda take karatu. Hoton na buɗewa Adila ta zaro ido. Coci ne, tsoho, ginshiƙansa sun miƙe sun haɗe can sama, ko'ina sassaƙen katako shafe da zinare.

Sharaɗin Hajiya, mahaifiyarsu, ɗaya ne tun ranar tafiya: in Najwa ta taka coci, Adila ta manta da nata karatun waje.

"Miƙo min ita," in ji Hajiya, tana goge hannun da ta gyara tarwaɗa da shi. Ta ƙura ido. "Ina ne nan, sai ƙyalli?"

"Shagon kayan ɗaki ne," Adila ta yi caraf.

"Tubarkalla! Najwa, tayo min wancan gadon mai rumfa. Amma a cire mutum-mutumin."

Najwa ta ƙware da tari. Ana haka Maman Joshua, maƙwabciyarsu, ta shigo aron rariya, ta leƙa ta kafaɗar Hajiya. Adila ta ƙifta mata ido har ya yi ƙwalla.

"Wane gado, Hajiya?" in ji Maman Joshua. "Ai bagadin coci ne. Kai, wannan cocin ya fi namu na kwano!"

Kafin Hajiya ta buɗe baki, Najwa ta tsere ta bi 'yan kallo ƙasa ta wata matakala, ta manta ba ta kashe wayar ba. Sai ga rami rufe da gilashi, cike da ƙasusuwan mutane.

"Innalillahi! Ambaliya ce ta tono su, irin ta garin Guri?"

"A'a, Hajiya," in ji Najwa. "Nan suke binne mutanensu a da. Waɗannan allunan na ƙasa duk kaburbura ne."

"Waɗanda kike takawa? Nuna min ƙafarki."

Takalmi ne mai tsini.

"Ke! Wa ya haife ki? Cire! Sallama ma kin yi musu?"

"Hajiya, ba Musulmi ba ne fa."

"Ba iyayen wasu ba ne?"

"Gaya mata dai," in ji Maman Joshua.

Najwa ta tuɓe takalmi a tsakiyar Turawa, ta rangaɗa sallama. Wasu tsofaffi biyu suka dubi juna, su ma suka sunkuya suna kwance igiyar nasu takalman.

Hajiya ta ajiye wayar, ta juyo kan Adila, wadda ta riga ta fara bankwana da jirgi a zuci.

"Ke kuma mai shagon kayan ɗaki, dole ki tafi. Yarinyar nan ba mai kwaɓarta a can." Ta ja kwanon kifinta. "Amma fa gadon ya yi kyau."