Mahaɗin Sitiyarin Kawu

Tsohuwar motar Kawu ta girme ni, kuma sitiyarinta ya daɗe yana wasa: sai ka murza kusan taki guda kafin taya ta motsa. Ranar da na raka shi gareji, makanike ya ce mahaɗin sandar sitiyarin ne ya cinye. Ya ajiye guda biyu a kan benci.

"Na roba yana shanye girgizar hanya, Baba. Na ƙarfe kuwa, kana taɓawa mota ta amsa."

Kawu ya ɗaga na ƙarfen, ya jinjina nauyinsa. "Sa min wannan. Roba ai ta takalmi ce."

Muka taho gida yana ta fito. A bakin ƙofa ya murza da wuri, yadda hannunsa ya saba shekara talatin. Motar ta amsa nan take, ta kwashe tukunyar furen Gwaggo.

Ya fito yana faɗa. "Wannan ba ta jira in gama magana!"

Gwaggo ta dubi fasasshiyar tukunyar, ta dube shi. "Bar shi haka, Malam. Yau dai ka samu mai jin maganarka a gidan nan."